Faransanci ko Sifaniyanci: wanne matafiyi zai fara koya?

Duk wanda ya ce maka zai koyi harsuna biyu a wata gudan da ya rage masa kafin tafiya, ka yi masa fatan alheri kawai. Abin da ke yiwuwa shi ne mutum ya ɗauki ɗaya, ya haddace 'yan kalmomin da za su fitar da shi daga filin jirgi, su kai shi masauki, su hana a cuce shi a ciniki, su kuma hana a zuba masa abin da ba ya ci. Ga wanda ya riga ya iya Ingilishi ko Larabci, harsunan da suka fi zuwa a gaba su ne Faransanci da Sifaniyanci. 'Yan uwan juna ne, Latin ce ta haife su, kuma dukansu suna cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya. Amma a bakin Bahaushe da kunnensa ba ɗaya suke ba ko kaɗan.

Mu fara da baki, domin nan ne bambancin ya fi girma. Sifaniyanci wasula biyar gare shi, a, e, i, o, u, daidai da namu, kuma yadda aka rubuta kalma haka ake faɗinta. Idan ka ga *cuánto cuesta* (nawa ne?) ka karanta shi "kwanto kwesta" kamar kana karanta boko, mai shago zai gane ka. *Gracias* (na gode), *por favor* (don Allah), *dónde está* (ina yake?), *la cuenta* (takardar kuɗin abinci), duk haka. Ƙa'idojin da suka saɓa wa idonmu ba su da yawa. Harafin h ba a furta shi, shi ya sa *hola*, gaisuwarsu, take fita "ola". Harafin j daga maƙogwaro yake fitowa irin خ na Larabci, wanda duk ɗan makarantar allo ya iya. Ll biyu suna zama y, ñ kuma "ny". Sai r iri biyu: *pero* (amma) da *perro* (kare). Turawan Ingila sukan sha wahala a nan, mu kuwa da kaɗa harshe muka tashi. Abin lura ɗaya shi ne wannan 'yar igiyar da ke kan ñ. *Año* shekara ce. Idan ka cire igiyar ka ce *ano*, ka ambaci dubura, kuma tambayar shekarun mutum ta zama wani abu dabam.

Faransanci kuwa rubutunsa daban, faɗarsa daban. Ruwa ana rubuta shi *eau*, a ce "o". *Beaucoup* (da yawa) haruffa takwas ne, amma "boku" kawai za ka ji. *Oiseaux* (tsuntsaye) "wazo" ne, babu harafi ko ɗaya a cikinsa da aka faɗa yadda ido ya gan shi. Ga wasulan hanci, waɗanda suke raba *vin* (giyar inabi) da *vent* (iska) da *vont* (suna tafiya), alhali a kunnen sabon shiga duk ɗaya ne. Ga kuma *dessus* (sama) da *dessous* (ƙasa), waɗanda ɗan murguɗa leɓe ne kawai tsakaninsu. Wanda ya haddace Faransanci daga takarda shi kaɗai a ɗaki, ranar da ya buɗe baki a Faris zai ga ana kallonsa ana cewa *pardon?* Faransanci da kunne ake koyonsa. A wannan fage Sifaniyanci ya yi nasara, ba ma kusa ba.

Akwai wani abin da ke ƙara wa Sifaniyanci daɗi a wurinmu. Musulmi sun yi mulki a sassan ƙasar Sifaniya, wato Andalus, daga shekarar 711 har zuwa faɗuwar Garnaɗa a 1492, kuma Larabci ya bar dubban kalmomi a harshen. Mu ma mun aro daga Larabcin nan, saboda haka sai ka riƙa cin karo da dangi a inda ba ka zata ba. Shugaban gari a Sifaniya *alcalde* ne, daga *al-ƙadi*, tushen alƙalinmu. *Hasta* (har zuwa) ita ce hatta, ita ce a cikin *hasta mañana*, sai gobe. *Azúcar* sukari ne, *aceituna* zaitun, *taza* kofin shayi, 'yar uwar tasa. Wadda ta fi burge ni ita ce *ojalá*, ana faɗinta "okhala", ma'anarta Allah ya sa, kuma daga lafazin Larabci na "idan Allah ya so" ta fito. Za ka ji ta a bakin wanda bai taɓa ganin masallaci ba, yana fatan ƙungiyarsa ta ci wasa. Sai *fulano*, wadda ba ta da alaƙa da Fulani ko kaɗan. Daga *fulan* ta Larabci take, wato wane. Idan ka ji ana cewa fulano ya yi kaza, kada ka waiga kana neman Bafulatani. Sunayen wurare ma haka: babban kogin da ya ratsa Ƙurɗuba da Sebiya sunansa Guadalquivir, wato *al-wadi al-kabir*.

Faransanci ma ya kwashi nasa Larabcin, amma yawanci ta bakin sojoji da mutanen Aljeriya, Maroko da Tunisiya, shi ya sa ya zauna a maganar titi. *Toubib* likita ne, *bled* ƙauye ko garin asali, *kif-kif* duk ɗaya, *un chouïa* ɗan kaɗan. Wanda sa'a ke bi kuwa sai a ce yana da *la baraka*.

To amma harshe ba don sauƙinsa kaɗai ake koyonsa ba, sai an duba inda ƙafa za ta taka. A nan ne lissafin ya juya. Wanda ya tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato ko Maiduguri, duk iyakar ƙasa da ya tsallaka da mota Faransanci zai tarar: Jibiya zuwa Maraɗi, Illela zuwa Birnin Ƙonni, Gamboru zuwa Kamaru, Seme zuwa Kwatano, daga can Lome, Abijan, Dakar. Gaskiya ne Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, ta mai da Faransanci harshen aiki, kuma Mali da Burkina Faso ma sun rage masa matsayi. Sai dai takardar da jami'in iyaka zai miƙo maka, da allon kan hanya, da takardar magani, har yanzu da Faransanci ake rubuta su. Idan ka wuce Afirka ta Yamma akwai Cadi, Gabon, Kongo biyu, Maroko, Aljeriya, Tunisiya, sannan Faransa, Beljiyam, wani ɓangare na Suwizalan da lardin Kebek na Kanada.

Sifaniyanci a Afirka ƙasa ɗaya ce mai cikakken 'yanci ta riƙe shi harshen hukuma, Ikwatoriyal Gini, wadda ta samu 'yancin kai a 1968. Ana kuma jin sa a arewacin Maroko wajen Tanja da Tetuwan. Ƙarfinsa yana can ƙetaren teku: Sifaniya, Meksiko wadda ta fi kowace ƙasa yawan masu magana da shi, Kolombiya, Ajantina, Peru, Kyuba da sauransu, ƙasashe ashirin, ga miliyoyin masu jinsa a Amurka, musamman a birane irin su Miami. Masu shi a matsayin harshen uwa sun kusa miliyan 500, sun fi na Faransanci nesa ba kusa ba. Amma a lura, Brazil ba ta ciki, Fotugisanci suke yi. Masu burin zuwa kallon ƙwallo a Barcelona kuma su sani cewa can Katalanci ne a kan alluna da yawa: ƙofar fita *sortida* za ka gani, ba *salida* ba, ko da yake kowa na jin Sifaniyanci.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, Faransancin da ake yi a maƙwabtanmu ya riga ya sha ruwan Afirka, har ya ɗauki ɗabi'unmu. Ka sauka a Yamai ko Wagadugu a tarbe ka da *bonne arrivée*, wato sannu da zuwa. Wanda kuka daɗe ba ku haɗu ba ya ce maka *ça fait deux jours*, kwana biyu ke nan, ko da shekara aka yi. A tambaye ka *et la famille?*, *et la fatigue?*, ina iyali, ina gajiya. Ka yi tuntuɓe a ce maka *doucement*, sannu. A Abijan baƙo ba ya tashi haka kawai, sai ya nemi hanya, *je demande la route*, mai gida kuma ya ce ya ba shi rabi, don ya dawo. Ba lallai mutumin Faris ya gane waɗannan ba, amma Bahaushe yana jin su sau ɗaya ya riƙe. Hausar Nijar ma cike take da kalmomin da suka riga suka yi maka rabin aiki: jandarma, duwan na kwastan, lakwal na makaranta, mushe na malamin boko, mangaza na ɗakin ajiya, gato na kek. Malaminka na Faransanci yana iya zama direban da ke lodin Maraɗi a tasha, ko mai shayin unguwarku da ya zo daga Damagaram. Wanda yake son aji kuma akwai Alliance Française a Kano, akwai ƙauyen koyon Faransanci na Badagry. Mai neman wanda zai yi hira da shi da Sifaniyanci a Gusau kuwa sai dai ya rungumi wayarsa.

Yanzu kuɗi, inda kuskure ke da tsada. Ƙirgan Faransanci yana tafiya lafiya har 69, daga nan sai ya koma aikin lissafi. Saba'in *soixante-dix* ne, sittin da goma. Tamanin *quatre-vingts*, ashirin sau huɗu. Casa'in da tara kuwa *quatre-vingt-dix-neuf*, wato huɗu, ashirin, goma, tara. Ka ɗauka kana gaban mai atamfa a kasuwar Dantokpa ta Kwatano, ta ce maka *quatre-vingt-quinze mille*. Kunnenka ya kama huɗu, ya kama ashirin, ya kama sha biyar, kana ta haɗawa kana rabawa, ita kuwa 95,000 take nufi, har ta fara naɗe maka kayan. Maganin wannan shi ne ka miƙa mata waya ka ce *écrivez, s'il vous plaît*, ta rubuta. Mutanen Beljiyam da Suwizalan da Kongo ta Kinshasa sun huta da rabin wannan wahala, suna cewa *septante* da *nonante*. A kasuwannin Nijar kuma ciniki da Hausa yana da nasa tarko: dala ɗaya sefa biyar ce, saboda haka dala ɗari sefa 500 ce, jika kuma 1,000. Sefar ma iri biyu ce, ta Afirka ta Yamma da ta Afirka ta Tsakiya. Darajarsu ɗaya, amma takardar Yamai ba ita ake kashewa a Garwa ta Kamaru ba.

Ƙirgan Sifaniyanci miƙaƙƙe ne: *setenta, ochenta, noventa*. Wuri biyu kawai ake zamewa, tsakanin *sesenta* (60) da *setenta* (70), sai *quinientos* (500) da bai yi kama da *cinco* ba. A Sifaniya da Faransa duka waƙafi ne ke raba kuɗi da 'yan canji, 2,50 yuro biyu da rabi ke nan, kuma a Sifaniya 1.500 dubu ɗaya da ɗari biyar ne. Kalmomin ciniki kuwa: *c'est trop cher* da *es muy caro*, ya yi tsada. Dukansu kuma da ido suke kwatanta tsada. Bafaranshe ya ce abu ya ci *les yeux de la tête*, idanun kai duka biyu, Basifaniye ya ce *un ojo de la cara*, ido ɗaya na fuska. Ko a karin magana Sifaniya ta fi araha.

Batun abinci shi ne wanda nake ganin bai kamata Musulmi ya yi wasa da shi ba, kuma a nan Sifaniyanci ya fi bukatar shiri. A Faransanci ka riƙe *porc* (alade), *jambon*, *lardons* (ƙananan yankan naman alade da ake watsawa a salak da ƙwai ba tare da an faɗa maka ba), *saindoux* (kitsensa) da *charcuterie*. Ka iya cewa *sans porc* da *sans alcool*. Faransa tana da Musulmi miliyoyi, babban masallacin Faris tun 1926 yake tsaye, kuma a manyan birane mahautan halal ba sa wuyar samu. A Sifaniya kuwa alade shi ne sarkin kicin, ga sunaye barkatai: *cerdo, jamón, chorizo, tocino, lomo, morcilla, chicharrón*. A Meksiko *puerco*, a Peru da Chile da Ajantina *chancho*. *Manteca* a Sifaniya da Meksiko kitsen alade ne, har wake ake soyawa da shi, amma a Ajantina man shanu ne. Abin da ya fi ɗaure kai, idan ka ce *sin carne*, ban da nama, ana iya kawo maka abinci da gutsattsarin *jamón* a kai, don a wurin wasu masu dafawa wannan ba ya cikin lissafin nama. Sai ka faɗa a fili: *sin cerdo, sin jamón*. Idan ka rasa ta cewa, *pescado* (kifi), *pollo* (kaza, "poyo") da *arroz* (shinkafa) za su riƙe ka. Ka kuma shirya wa yunwa, domin a Sifaniya abincin rana sai wajen ƙarfe biyu, na dare kuwa tara ko goma.

Ladabi kuma kowanne da inda yake tsaurarawa. A Faransa shiga shago ko tambayar hanya ba tare da *bonjour* ba tamkar shiga gida ne babu sallama, kuma yawancin labaran da ake bayarwa na cewa mutanen Faris ba su da fara'a daga nan suke farawa. Ka ce *bonjour madame* ko *bonjour monsieur* tukuna, sannan bukatarka. Suna da *tu* na aboki da yaro, da *vous* na girmamawa, wanda asalinsa jam'i ne, yadda muke ce wa dattijo "ku". Baƙo ya riƙe *vous* har sai an ce masa ya sauke. Sifaniyanci yana da *tú* da *usted*, amma a Sifaniya kanta an saki jiki, matasa na kiran juna *tío* da *tía*, kawu da gwaggo, kowace magana kuma a rufe ta da *vale*, to. A Meksiko da Kolombiya an fi riƙe *usted*.

Idan don dariya ne, kowanne na da kayansa. Dankalin Turawa a Faransanci *pomme de terre* ne, tuffar ƙasa. Jemage *chauve-souris*, ɓera mai sanƙo. Ɗan abin da ake ba ma'aikacin otal *pourboire*, na sha, inda mu za mu ce na goro. Wanda ya yi maka alkawari bai zo ba ya ajiye maka zomo, *poser un lapin*. Mafi amfani duka ita ce *truc*, abin nan, wadda ke rufa wa mai ƙarancin kalmomi asiri, sai *se débrouiller*, a san yadda aka yi, wadda kusan ita ce taken rayuwa daga Duwala zuwa Dakar. Sifaniyanci kuma yana da *sobremesa*, hirar da ake zama yi bayan an gama cin abinci ba a tashi ba, da *siesta*, ƙailula. *Mañana* na nufin safiya, tana kuma nufin gobe, shi ya sa gobe da safe ya zama *mañana por la mañana*. *Ahorita* a Meksiko wai yanzun nan ne, amma tana iya kai ka magariba kana jira. *Esposas* kuwa matan aure ne, kuma ita ce ankwa ta 'yan sanda. Ban ce komai ba.

Matsalar Sifaniyanci ita ce faɗin ƙasarsa. Motar haya ta bas *autobús* ce a Madrid, *camión* a Meksiko, *colectivo* a Ajantina, *guagua* a Kyuba da tsibiran Kanari, alhali a Chile *guagua* jariri ne. *Coger* a Sifaniya kalma ce ta yau da kullum, a hau mota ko a ɗauki abu, amma a Meksiko da Ajantina batsa ce tsagwaronta. Ka riƙe *tomar*, ba ta da laifi ko'ina. Faransancin Afirka ma na da irin wannan a sunan ɗan acaba: *zémidjan* a Kwatano, *bendskin* a Kamaru, *clando* a Njamena, kabu-kabu a Nijar.

Dalilin da ya sa na ce kada a haɗa biyun a lokaci guda shi ne kalmomin da suka yi kama amma suka raba hanya. A takardar shiga ƙasa *nombre* a Sifaniyanci sunanka ake nema, a Faransanci kuwa adadi ne. *Salir* fita ce a Madrid, ɓata abu da datti ce a Faris. "Gato" kek ne a Faris, kyanwa ce a Madrid. A kantin magani idan ka ce kana *constipado* a Sifaniya mura ke damunka, *constipé* a Faransa kuwa cikinka ne ya ɗaure. Wanda ya cakuɗa su zai sha maganin da ba nasa ba.

Ni dai ga inda na tsaya. Ɗan kasuwa, direba, ɗalibi mai neman makaranta a Kwatano ko Maraɗi, mai zuwa Maulidi a Kaulaha ko ziyara a Fas, mai neman aiki da ƙungiyoyin Afirka ta Yamma, duk Faransanci ne nasu, ko da ya fi wuya, domin za su yi amfani da shi kowace shekara kuma masu gyara musu baki suna kusa. Su fara da gaisuwa da ƙirga, su koya da kunne, su bar rubutu sai daga baya. Wanda kuwa tikitinsa ya riga ya nuna Madrid, Malabo, Meksiko ko Bogota, ko mai son ganin fadar Alhambra ta Garnaɗa da masallacin Ƙurɗuba, ya ɗauki Sifaniyanci kai tsaye, mako biyu zuwa uku na haddar gaske sun isa ya yi ciniki ya nemi hanya, kuma ya fara da sunayen alade kafin komai. Wanda ba shi da tafiya a gabansa, sha'awa ce kawai, shi ma Faransanci zan ce masa, sai idan ya san kansa da saurin karaya. Irin wannan gara ya fara da Sifaniyanci, ya ga bakinsa na aiki tun makon farko, daga baya jinsin kalmomi da juyin aikatau da ya saba da su a can za su rage masa wahalar Faransanci.